Sanda ce za ka saya a ƙarshe

Akwai kuskuren da nake ganin ana maimaitawa a bakin tekun Legas, kuma tun da ni ma da shi na fara, ina jin ina da hurumin faɗarsa ba tare da kara ba. Mutum zai ga bidiyon wani Bajapane a tsaye kan dutse, yana cilla ɗan ƙarfe cikin teku yana fito da kifi mai kaurin cinya. Abin ya shiga ransa. Sai ya nufi kanti, ko ya aika wa ɗan'uwan da ke shirin dawowa daga Dubai, a sayo masa "sanda mai ƙarfi, wadda ba ta karyewa". Idan sanda ta iso, a nemo zare mai kaurin da ya dace da girmanta. Can a ƙarshe, da ɗan canjin da ya rage, a ɗebo ƙarafan da za a jefa, kowane iri aka samu. Wannan jeri a juye yake tun daga kai har wutsiya, kuma masu sayar da kayan sun sani. Ba kowannensu ne zai gyara maka ba, domin wanda ya fara da kuskure sau biyu yake saye.

Ga wanda bai taɓa riƙe abin ba, ƙarfen da ake jefawar sunansa jigi. Ɗan curin dalma ne, wani lokaci na tangistan, da aka ƙera shi da siffar ƙaramin kifi, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli, aka rataya masa ƙugiya ɗaya ko biyu. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba a saƙala masa tana ko nama. Idan ka ajiye shi a ƙasan ruwa ka zauna jira, babu kifin da zai waiwaye shi. Duk ransa a hannunka yake: ka jefa shi nesa, ka bar shi ya nutse, sannan ka riƙa fizgar sanda kana naɗe zare, shi kuma yana zabura yana faɗowa yana walƙiya kamar ɗan kifin da ya ji rauni. Kifayen farauta, irin su barakuda da dangin jak da wanda mutanen Legas ke kira shaininos, wannan motsin suke kai wa hari, sau da yawa a daidai lokacin da ƙarfen ke faɗowa. Japanawa ne suka mayar da wannan salo fanni mai ƙa'idoji, shi ya sa yawancin lambobin da ke jikin kayan nasu ne.

Idan haka ne, to sanda da zare barorin jigi ne. Aikinsu su kai shi inda kifi yake, su isar masa da motsin hannunka, su dawo maka da labarin abin da ya taɓa. Shi kuma jigin wurin da za ka tsaya ne ke zaɓa maka shi: zurfin ruwa, ƙarfin gudunsa, da iskar da ke kaɗawa. Saboda haka jerin gaskiya shi ne wuri, sai jigi, sai zare, sannan sanda. Tela ba ya yanka yadi kafin ya auna mai riga.

Ni ban auna ba. Ranar da na fara hawa dogon jerin duwatsun da ya kare Tarkwa Bay daga buɗaɗɗiyar teku, wanda ɗaya ne daga shingayen da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa a wajajen 1908 don kada yashi ya toshe mashigar jiragen ruwa, na je da sanda mai tsawon mita 4.2, an rubuta giram 100 zuwa 200 a jikinta. Mai kantin ya ɗaura mini zaren da aka rubuta laba 80 a kwalinsa, ya ce ko kada na kama ba zai tsinke ba. Jigin da ke jakata kuwa giram 40 ne. Na wuni ina jifa kamar mai jifan mangwaro da taɓarya. Ƙarfen ya ƙi nisa, ya ƙi isa ƙasa, kafaɗata ta yi tsami tun kafin hantsi. Kusa da ni wani dattijo da siririyar sanda yana jefa nisan da ya kusa ninka nawa ba tare da ko nishi ba. Kayan da na saya ba jabu ba ne. Sandar ta kirki ce, amma an ƙera ta ne don mai ɗaura guntun kifi da dalma mai nauyi, ya jefa daga rairayi, ya kafe ta a yashi, ya zauna.

Ina zargin akwai abin da muke tahowa da shi daga gida da ke sa mu faɗa wannan rami. Wanda ya tashi yana jin labarin giwan ruwan Argungu, ko ya ga masunta na shimfiɗa mamari a Kainji, ya riga ya haddace cewa babban kifi sai kakkauran zare. A wannan salon kamun gaskiya ne, domin zaren a kwance yake yana jira, kaurinsa bai rage komai ba. Ga kuma ɗabi'ar ɗan boko mai albashi, wadda ni ma ban kuɓuta daga gare ta ba, ta sayen abin da ya fi girma don kada a raina shi. A wajen mota abin da wannan ɗabi'a ke ci man fetur ne kawai. A bakin teku tana hana ka kama kifi, wani lokaci ma tana jefa ka cikin haɗari.

Mu tsaya a kan zare, domin a nan ne aka fi tafka asara, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi.

Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont ya bayyana sinadarinsa ga duniya a 1938, shi ne zaren da kowa ya sani. Yana da arha, yana riƙe ƙulli, yana jure gogar dutse. Aibinsa a wannan aiki biyu ne: kauri da miƙewa. Nailan yana iya miƙewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kafin ya tsinke. Ka ɗauka jiginka yana nisan mita 70, kifi ya cafke shi, ka ɗaga sanda don ƙugiya ta shiga. Ko da kashi biyu cikin ɗari kaɗai zaren ya miƙe, mita 1.4 ke nan, kusan duk iyakar abin da sandarka ta motsa. Ƙarfinka ya ƙare a cikin roba, bai isa bakin kifi ba. Abin da ya sauya wannan sana'a shi ne kitsattsen zare, wanda ake kitsa shi daga silin wata roba mai tsananin ƙarfi da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fara sayarwa da sunan Dyneema, Amurkawa kuma ke da tasu mai suna Spectra. Shi bai cika wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari wajen miƙewa ba. Da shi za ka ji lokacin da jigi ya taɓa yashi, ka bambance shi da lokacin da ya taɓa dutse, daga nisan da ba ka iya gane fuskar mutum.

Matsalar tana cikin yadda ake karanta kwalinsa. Salon Amurka yana rubuta nauyin da zare zai ɗauka da laba, wadda ta ɗan gaza rabin kilo, kuma wannan lambar ce ke ruɗin mai saye, domin kowa yana son babba. Salon Japan yana rubuta kauri, da lambar da ake sa wa haruffan PE a gaba, lissafin da suka gada tun zamanin da ake samo zaren fatsa daga tsutsar siliki. A ƙa'idar masu ƙera kayan kamun kifi na Japan, lamba 1 na nufin zaren da mita 9,000 nasa ke da nauyin giram 200. A ma'aunin kauri, lamba 1 tana wajen milimita 0.165, lamba 2 wajen 0.235, lamba 3 wajen 0.285, lamba 4 kuma 0.33. Kyakkyawan zare mai lamba 2 yana ɗaukar kilo 14 zuwa 18. Nailan mai irin wannan ƙarfi ya kusa ninka shi kauri. Shi ma wancan kitsattsen nawa mai laba 80 ya haura milimita 0.4, wato na sayi zaren zamani da tsada, na kuma mayar da shi kaurin nailan da hannuna.

Me ya sa kashi biyu cikin goma na milimita zai dame ka? Domin ba a ɗan yatsanka yake aiki ba, a tsawon mita 70 ne, cikin iska da ruwa mai gudu. Lokacin jifa, zare mai kauri ya fi gogar bakin kwarkwaro da zobban sanda, iska ta fi kama shi, sai jigi ya faɗo kusa. Bayan ya faɗa ruwa kuma sai babbar matsalar ta taso. Ruwan mashigar Legas ba ya tsayawa. Yana shiga tafkin idan teku ta ciko, yana fita da ƙarfi idan ta janye. Wannan gudun yana tura kowane taƙi na zarenka, ya yi masa ciki kamar igiyar shanya da aka lafta wa jiƙaƙƙen bargo. Ƙara kauri, cikin ya ƙara girma. Robar da ake kitsa zaren da ita ma ta fi ruwa rashin nauyi, tasowa take son yi. Sakamakon haka jigin giram 40 a kan kakkauran zare yana iya ƙin isa ƙasa gaba ɗaya, ruwa ya yi ta yawo da shi a tsakiya. Idan kuma ka fizgi sanda, cikin zaren kake miƙarwa, ƙarfen ko gezau. Kana can kana gumi kana rawa a kan dutse, kifi bai ga komai ba. Daga nan sai mutum ya ce bari ya ƙara nauyin jigi, sai ya buƙaci sanda mai tauri, sai ta buƙaci babban injin naɗi, kuma duk wannan hawan tsani ya samo asali ne daga lamba ɗaya da aka karanta a kwali.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na faɗa wa kaina: idan babban kifi ya zo fa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta lissafi ce. A jikin injin naɗi akwai birki, wanda ke sakin zare idan jan kifi ya kai wani mizani, don kada ya tsinke. Al'adar da aka daɗe a kanta ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na ƙarfin zaren. Laba 80 kilo 36 ce, ɗaya bisa ukunta kilo 12. To ka tambayi jikinka. Sanda mai mita uku, hannuwanka biyu a tazarar da ba ta wuce santimita 60 ba: duk abin da ya ja kanta, hannunka na sama yana ɗaukar kusan ninkinsa biyar. Lanƙwasar sanda kan rage wani abu daga ciki, amma ba ta mayar da kilo 12 abin wasa ga mutumin da ke tsaye kan dutse mai gansakuka, ruwa na dukan ƙafarsa. Abin da yawancinmu za mu iya riƙewa na tsawon mintuna bai wuce kilo huɗu zuwa shida ba, kuma wannan shi ne daidai abin da zare mai lamba 2 ke ba ka. Sauran kilo 20 da ka saya ba za ka taɓa amfani da su a kan kifi ba. Idan kana shakka, ɗauko ɗan sikelin da matafiya ke auna jaka da shi, ka ɗaura zarenka, wani ya ja, kai ka riƙe sanda. Kilo biyar za ta ba ka mamaki.

Akwai wuri ɗaya da wannan rarar ƙarfin ke bayyana, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi. Duk mai jefa jigi kusa da duwatsu zai maƙale. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idan hakan ta faru, dole zare ya tsinke a wani wuri, kuma kayan da aka haɗa da hankali an tsara su ne su tsinke can ƙasa, a ƙullin da ke kusa da jigi, ka yi asarar ƙarfe ɗaya ka naɗo sauran. Da zaren kilo 36 ba ka iya tsinkewa. Na ga mai ja da sanda har ta karye. Na ga wanda ya naɗa zaren a tafin hannu ya ja, kitsattsen zare kuwa a miƙe reza ne. Mafi muni shi ne mai jingina da baya da duk nauyinsa a kan santsi, wanda idan zaren ya saki babu abin da zai tare shi. Yawanci ana ƙarewa ne da wuƙa: a yanke daga bakin sanda, a bar wa teku mita 50 ko 70 na zaren da ba ya ruɓewa da wuri. Yana nan yana lilo a tsakanin duwatsu, yana kama jigin na gaba, yana naɗe tsuntsu da kaguwa, a gaɓar da kunkurun teku ke hawowa su yi ƙwai. Wanda ya zaɓi zaren da ba zai iya tsinkewa ba ya riga ya zaɓi barin sa a ruwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ke kuɓutar da babban kifi daga hannunka a irin wannan wuri kuwa yawanci kaifin dutse ne da ƙwanson halittun da ke manne a jikinsa. A nan kitsattsen zare rago ne, siriri da kakkaura duka. Sili-sili ne, idan ya gogi kaifi a miƙe sai ya ɓarke. Maganin yana a mita biyu ko uku na ƙarshe, inda ake ɗaura wani zare dabam mai santsi da tauri, ko nailan mai kauri ko wanda ake kira fulorokabon, da kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren fatsa a 1971. Shi ya fi ruwa nauyi sosai, yana nutsewa, yana kuma jure goga. Mai laba 40 zuwa 60 ya wadatar a yawancin wurare. A nan ne ya kamata mai tsoron babban kifi ya zuba tsoronsa. Sai dai haɗa shi da kitsattsen zare yana buƙatar ƙulli na musamman, domin robar tana da sulɓi, ƙullin gida zamewa yake yi. Wanda ake kira FG shi ne ya fi karɓuwa, saboda siriri ne, yana wucewa ta zobba ba tare da ya yi karo ba. Koyonsa zai ci maka maraice biyu ko uku a falo. Na sha ganin mutum da kayan da suka kai kuɗin hayar shekara bai iya shi ba, ya sa ƙaton ƙarfen haɗi a tsakani, wanda ke farfasa zoben kan sanda a jifa na goma. Game da haƙorin barakuda, wanda ke datse zare kamar almakashi, wasu na sa guntun waya, amma waya tana kashe rawar jigi kuma tana rage cizo. Ni na zaɓi in riƙa biyan wannan harajin. Kowa ya sayi rariya ya san ta zubar da ruwa.

Ba ina kira ga sirantar da ta wuce hankali ba. Akwai wasu 'yan ƙwalisa da suka juya kuskuren suka mai da shi ado, suna ɗaura jigin giram 60 a zare mai lamba 0.8 don a ce sun iya. Idan zaren ya ɗan harɗe a lokacin jifa, tsinkewa yake yi, dalmar ta tafi kamar harsashi, kuma ba koyaushe teku take nufa ba. Kauri yana bin nauyin abin da ake jefawa. Jigin giram 20 zuwa 40 yana tafiya da lamba 1 zuwa 1.5, na giram 40 zuwa 60 da lamba 1.5 zuwa 2, wanda ya doshi giram 100 kuma sai lamba 3 ko 4. Mita 200 zuwa 300 a kan kwarkwaro. Kitson sili takwas ya fi na huɗu santsi da nisan jifa, na huɗu ya fi arha. Wannan ba abin faɗa ba ne. Haka kuma akwai wuraren da kaya masu nauyi su ne daidai. Mai neman manyan jak a gaɓar kudancin Oman, ko masu karanta wannan wasiƙa daga Jidda da Fot Sudan da ke tsayawa a gefen murjanin Bahar Maliya, inda kifi ke nufar rami da zarar ya ji ƙugiya, suna da hujjar hawa lamba 4 zuwa sama, domin dole su tsayar da shi cikin daƙiƙoƙin farko. Amma su wurin ne ya umarce su, kuma sun shirya jikinsu da takalmansu don hakan.

Yanzu ne sanda za ta shigo, kuma za ka ga rabin aikin zaɓenta ya riga ya ƙare. Sandar jifa baka ce, bambancinta da bakan maharbi shi ne nauyin kibiyar ne ke ɗana ta. Idan ka kaɗa ta, jigi yana jan kanta baya, ta lanƙwashe, ta tara ƙarfi, ta sake shi. Jigin da bai kai nauyin da aka ƙera ta dominsa ba ba zai lanƙwasa ta ba, sai ka koma jifa da ƙashin kafaɗarka, abin da ya same ni ke nan. Wanda ya wuce kuma zai danne ta, ko ya karya ta. Lambobi biyun da ke rubuce kusa da mariƙi su ne iyakokin nan, kuma sanda ta fi jin daɗin aiki a tsakiyarsu zuwa ɗan sama kaɗan. Idan giram 40 ne abin da za ka fi jefawa, nemi wadda aka rubuta wa 20 zuwa 60. Kusa da wannan za ka ga lambar zaren da ta dace da ita. Idan ba ta haɗa da naka ba, ajiye ta komai kyanta.

Tsawo kuma, ƙafa tara da rabi zuwa goma, wato wajen mita uku, shi ne inda mafi yawan masu ƙera sandar jifan jigi daga gaɓa suka tsaya, kuma da dalili. Doguwa tana ƙara nisa kaɗan, tana kuma taimaka maka ɗaga zare sama da duwatsun da ke gabanka, amma kowane taƙi da ka ƙara kifi ka ba makami a kanka, ka kuma ƙara wa kanka kaya. Ka tuna wannan ba fatsar zama ba ce. Jifa ɗaya a kowane minti biyu, tsawon awa uku, sau casa'in ke nan, kowanne da fizga ashirin ko talatin. Giram ɗari na banza a hannu, zuwa ƙarfe goma na safe ya zama dutse. A kula kuma da wani tarko na suna. Akwai gajerun sanduna, ƙasa da mita biyu, da aka rubuta musu sunan jigi da manyan lambobi kamar giram 200 ko 300. Waɗannan na cikin jirgin ruwa ne, inda ake sakin ƙarfe ya nutse tsaye a ƙarƙashin ƙafa. Lambar tasu nauyin da za su iya ɗagawa ne, ba wanda za su iya jefawa ba.

Abin da nake dubawa bayan wannan shi ne zobba, domin su ne gishiri ke fara ci, su ne kuma zare ke bi ta cikinsu sau dubbai. Zoben da cikinsa ya tsage, ko da ido bai gani ba, zai yi ta kankare zarenka har ranar da ya tsinke a kan kifin da ka shekara kana jira. Na kamfanin Fuji sun yi suna, kuma sandar matsakaicin farashi mai zobba nagari ta fi mai tsada da aka yi wa ƙwauro a nan. Surutun da ake yi kan darajar sinadarin kabon da aka ƙera jikin sanda da shi kuwa, a ɗauke shi da hankali. Mafi tsadarsa ya fi rashin nauyi, ya fi isar da motsi, amma ya fi gautsi. Sandar da za ta hau kwale-kwale daga Marina, a jingina ta da dutse, wani ya taka ta, gara mai ɗan haƙuri. Kuma yawancin sandunan da ke karyewa a kan kifi mai riƙonsu ne ya karya su, ta hanyar miƙar da su tsaye sama lokacin da kifi ya zo ƙarƙashin ƙafa, duk nauyin ya taru a siririn kai.

Da za a ba ni kuɗin da na kashe a karon farko in sake rabawa, kaso mafi tsoka injin naɗi zai tafi, mai birki mai laushi da kariya daga ruwan gishiri, domin shi ne ke mutuwa da wuri idan an yi araha. Sai zare na asali, tun da jabunsa ya cika kasuwa. Na taɓa sayen wanda kwalinsa ya yi alkawarin kilo 18, ya tsinke a kan sikeli kafin ya kai goma. Sai safar hannu, saboda ɗan yatsan da ke riƙe zare lokacin jifa, da rigar ceto, da takalmin da ke kama dutse. Abin da ya rage shi ne na sanda, kuma ya isa.

Kafin duk wannan, ka je wurin da hannu wofi. Ka zauna ka ga yadda ruwa ke gudu lokacin cikowa da lokacin janyewa, ka ga inda ƙananan kifaye ke tsalle, ka gaishe da masuntan Egun da Ilaje da ke wucewa a kwale-kwale, waɗanda da zaren hannu na nailan suke ciyar da iyali, kuma sun san zurfin kowane lungu fiye da duk wani bidiyo. Ka ari kayan wani ka jefa giram 30, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ya taɓa ƙasa. Idan bai taɓa ba, ka gwada 40, ka gwada 60. Mafi ƙanƙantar jigin da ke isa ƙasa ya kuma kai nisan da kake so, shi ne naka. Ka sayi uku, ka sa su a aljihu, ka tafi kanti da su.

Yau da sanda mai ƙafa tara da inci shida nake zuwa, zare lamba 1.5, jigi giram 40, birki a kan kilo huɗu da na auna da sikeli. Tsohuwar mai mita 4.2 na ba wani maƙwabcina da ke zuwa rairayin Lekki da yamma, yana ɗaura guntun sardin ya kafe ta a yashi ya buɗe jarida. Ya kama kifi da ita tun a makon farko.